Wayar Maraɗi Ta Raba Uba Da Ɗansa

Assalamu alaikum Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a tausaya mini wajen magana, domin zuciyata ta riga ku zagina.

Ni ce mai shigar da kuɗin taki a manhajar ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can wajen Makoda. Da wayar da yayana ya sayo mini a Maraɗi nake aikin. Menene ruwana da saitinta, tunda tana kira tana amsawa? Ashe a tsarin Faransanci take, inda waƙafi ke raba naira da kwabo, ba dubbai ba. Kowa ya kawo kuɗi sai in zuba lambobi a gurguje babu waƙafi, su shiga daidai. Ranar da Habu, ɗan maƙwabcinmu Baba Ilu, ya kawo dubu sittin na mahaifinsa, iyayi ya kama ni na rubuta 60,000 da waƙafinsa. Manhaja ta ɗauka naira sittin ce.

Da taki ya iso babu sunan Baba Ilu. Ya zo har zaurenmu riƙe da hannun Habu, ya ce, “'Yata, ke ce mai ilimi. Nawa yaron nan ya ba ki?” Wallahi na tuna damin kuɗin, har da robar da aka ɗaure shi. Amma idan na ce dubu sittin, wa za a ce ya ci? Sai na juya masa fuskar waya na ce, “Baba, ga abin da ta nuna.” Habu bai yi musu ba. Kallona kawai ya yi ya ce, “Haba Yaya.” Uban ya ce kada ya ƙara taka masa gida, Habu ya tattara ya tafi kudu, har yau ba a san garin da yake ba.

Sai bayan girbi wani mai gyaran waya ya nuna mini saitin, na gane komai. Rarar kuɗin da aka tarar a asusun ƙungiya kuwa, shugabanninmu sun ɗauka wani bawan Allah ne ya yi sadaka a ɓoye, suka gyara famfon unguwa da ita. Ruwan nan nake sha, da shi nake alwala. Duk lokacin da na kama hannun famfon sai in ji “Haba Yaya” a kunnena, har waiwaye nake yi. Tsoro nake ji, ga kunya.

Yanzu Baba Ilu yana kwance, jiki ya ƙi. Jiya na kai masa kunu, matarsa ta roƙe shi ya yafe wa Habu, ya juya fuska bango. Sannan ya kamo hannuna ya ce, “Allah Ya yi miki albarka, ke kaɗai kika faɗa mini gaskiya.”

Idan na yi magana, aikina da mutuncin gidanmu sun tafi. Idan na yi shiru, tsohon nan zai koma ga Allah yana fushi da ɗan da bai ci masa ko sisi ba. Jama'a, me zan yi?