Wasan Farko Ni da Baba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya ciwon ƙafar taka? Mu nan Agege sai godiya.

Ranar Lahadi za a fara gasar dara ta bayan gidanmu, har an yayyafa ruwa an haƙa gurabe. Bana Sale mahauci ne a gaba, wannan ba gardama. Daga shi sai Iliya direban tanka, in layin ɗaukar mai na Apapa ya sake shi. Ni ne na uku.

Baba kuwa, da ya yi shekara da shekaru ba mai kayar da shi, na rasa inda zan sa shi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, tsinke faɗuwa yake daga hannunsa, wani lokaci ma ya manta tsinke ne nasa ko dutse. Sai muka haɗa baki, duk wanda ya haɗu da shi ya bar masa.

Shekaranjiya muka zauna wasa ni da shi, na gwada. Na ga ci ƙuru-ƙuru, na kauce. Ya dubi wasan, sannan ya sa ƙafarsa mai lafiya ya share guraben. Ya ce, "Musa, sadaka ka fara ba ni?" Tun daga nan bai ƙara yi mini magana ba.

Jiya aka jefa ƙuri'a. Ni da shi ne wasan farko.

Ka gaida Inna Hajara da mutanen gida. Ka sa Baba a addu'a. Ni ma ka roƙa mini Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar cinye shi a gaban mutane, don abin da yake so ke nan.

Ƙaninka,
Musa