Kalmar da Mansur Ya Aiko Gouna

Gouna, ranar Litinin

Zuwa ga autata Zainabu, a Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mansur. Ƙanena ke rubuta mini.

Ali direba ya kawo goro da dabino da wani kati mai furanni daga wurinku. Ya ce akwai wasiƙa tare, amma ya manta ta a tasha. Kalma ɗaya tak ke cikin katin: Bliss. Na kai wa malamin makarantar bokonmu, Mahamud, wanda muke kira Mushe. Ya juya ta, ya juya, ya ce shi Faransanci ya karanta, amma ta yi masa kama da "blessé", wato wanda ya ji rauni. Auta, kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Babanki ya ce ba a aiko da dabino kan mugun labari, na ce ai mutanen Kano sun iya lallashi. Mota ce? Wuta ce? Kada ki ɓoye mini.

Uwarki, Kellu

Kano, ranar Alhamis

Zuwa ga Inna.

Ina durƙusawa ina gaishe ki, ke da Baba. Inna, na yi dariya har ungozoma ta tsawata mini, daga baya kuma na yi kuka. Ki ci abinci, ba wanda ya ji rauni.

Kalmar Turancin Ingila ce. Mansur ya ce ba a faɗinta don miya ta yi daɗi ko an yi ciniki. Farin ciki ne wanda ke cika zuciya har mutum ya yi shiru, ba ya neman ƙari. Ya ce har ni'imar Aljanna da ita suke kira. Sai da ya zaga shago huɗu kafin ya samu katin.

Ki gafarce ni da na ɓoye miki. Sau biyu a shekara takwas ina sa ki murna, cikin yana zubewa, shi ya sa wannan karon na kama bakina. Ranar Juma'ar da ta wuce na sauka lafiya. Mace ce, mai gashi, mai ƙarar murya. Sunanki za ta ci. Ki gaishe da Mushe, kada ki yi masa faɗa.

'Yarki, Zainabu

Gouna, ranar Asabar

Auta, Alhamdu lillahi. Barka da arziki.

Na riga na yi wa Mushe faɗan, har ya aiko da zabi biyu na ban haƙuri. Da su zan taho jibi, da gero da kanwa. Kada kowa ya taɓa ruwan wankanki, ni zan dafa.

Babanki bai ce uffan ba da aka karanta masa wasiƙarki. Da safe ya tafi gona, sai ga shi ya dawo yana murmushi. Ya manta hauya a gida.

Allah ya raya mana.

Kellu