Wa Zai Shiga Motar Farko?

Zuwa ga Hajiya Ummu Karim,

Ina gaishe ki, ko da yake na san gaisuwar ba za ta iske ki ba. Da ranki ma ai ba ki jin Hausa. Shekarun da na yi ina jinyarki a gidan nan na unguwar University Heights a nan Amurka, da guntun Turanci muka zauna, da nuni da hannu, da hararar da kike yi mini in na cika gishiri a miya.

Ga labarin gida. Ɗanki Karim ya mayar wa mai gida makulli, wasu 'yan Ghana sun tare a ɗakinki. Na wuce na ga tagogin a rufe ruf, sai na ji haushinsu ba gaira ba dalili. Kin tuna rigimarmu a kan tagar nan? Ƙanƙara na zuba, in rufe, ki lallaɓa da sandarki ki buɗe. Wai haka kuke yi a Bagadaza, don in bam ya tashi kada gilashi ya tarwatse a kan yara. Na ce miki nan Bronx ce, jirgin ƙasa mai lamba huɗu ne ke girgiza bangon. Kika dube ni kamar yarinyar da wuta ba ta taɓa ƙonawa ba.

Dattijon nan ɗan Afganistan mai sayar da shayi a bakin tasha ya yi mini ta'aziyya. Ya ce yanzu ba shi da abokin musu. Shi kullum kukansa sojojin ƙasashen waje sun bar ƙasarsu, an rufe wa 'ya'yansa mata makaranta. Ke kuma ki ce da ma ba su taɓa zuwa ƙasarku ba. Da na tambaye ki ko mulkin kafin yaƙi ya fi, sai kika ce a da kin san maganar da za ta kashe ki, sai ki kama bakinki. Bayan yaƙi kuwa ba ki san hanyar da za ta kashe ki ba, ga shi dole a fita sayen burodi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Na san dalilin da ya sa ba ki yarda jikokinki biyu su shiga bas ɗaya. Da fari dariya nake yi miki, har Karim ya ba ni labari. Ranar da kuka gudu daga unguwarku motoci biyu aka samu, ke kika raba 'ya'yanki don kada masifa ɗaya ta kwashe su duka. Karim ya shiga ta farko tare da ke, Umar ya shiga ta biyu. A shingen 'yan bindiga aka tsayar da ta biyun, aka duba katinsa, sunansa kaɗai ya ishe su su gane ba ɗan ɗariƙarsu ba ne. Ko gawarsa ba ki gani ba. Duk lokacin da kika kira Umar ina yi miki wanka, sai in yi kamar ban ji ba. Tsoro nake ji, Hajiya, ban san me zan ce miki ba.

To, abin ya zo kaina. Kin san 'ya'yana, Dauda da Ishaya, da na bari wajen mahaifiyata a ƙauyenmu. Ke kike sumbatar hotonsu a wayata. Takardunsu na zuwa Amurka sun fito, an kira su ganawa a ofishin jakadanci, su biyu rana ɗaya. Sai sun bi hanyar Birnin Gwari kafin ma su kai Kaduna, hanyar da ake tare motoci a kora mutane daji. A majami'armu ta nan akwai wadda aka ɗauke mata ƙanne biyu a mota ɗaya, har yau shiru.

Na kira gida na ce kada su kuskura su hau mota ɗaya. Ina faɗa ina jin muryarki a bakina. Mahaifiyata ta ce Amurka ta taɓa mini kai, amma ta yarda. Sai Ishaya, ƙaramin, ya karɓi waya ya tambaye ni wa zai fara tafiya. Na ce ba na jin sa sosai, na kashe wayar.

Wannan ne ba ki koya mini ba. Kin koya mini a raba su, ba ki ce uwar ce za ta zaɓa ba. Ke yaya kika yi? Tunani kika yi, ko wanda ya fi kusa da hannunki kika ja? Kin juya kin dubi Umar kafin a rufe ƙofa? Jibi za su tashi. Wayar na nan gabana tana ta ƙara, kuma har yanzu ba ni da sunan da zan faɗa.

Allah ya ji ƙanki, ya haɗa ki da ɗanki inda ba shinge. Sanyi ake yi sosai yau, amma na bar tagata a buɗe.

Taki,
Rifkatu, mai rufe miki taga