A Yaye Zannuwan Da Aka Lulluɓe Kwamfutocin Makaranta Da Su

Zuwa ga Shugabar makarantar 'yan matan da jikata ke karatu a Nguru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ranki ya daɗe, ni tsohon akawun tashar jirgin ƙasa ne, kakan Falmata da ke ajin ƙarshe. Sau biyu na zo ofishinki ban dace ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, yabo. Falmata ta tashi da Kanuri a gida, Hausa a waje, Turanci kuwa a littafi kawai. In aka tashe ta karatu a aji, muryarta rawa take yi. Sai kika ba malamar Turanci, Malama Hajara, damar buɗe ɗakin kwamfuta. Ta sa kowace ɗaliba ta ɗauko hotuna da muryar wani dattijo, ta mayar da labarinsa Turanci, ta karanta da bakinta, a haɗa muryarta da hotunan a cikin kwamfuta. Ban ɓoye ba, da fari na ɗauka wasa ne. Amma yarinyar da ke taɓa na'urar da yatsa ɗaya kamar za ta ƙone ta, ita ce daga baya ke nuna wa ƙawayenta. Ta shaida mini cewa na'ura ba ta yi wa mutum dariya. In ta yi kuskure sai ta goge ta sake. Mu da bulala muka koyi Turanci, ban taɓa ganin dabara mai kyan wannan ba.

Na biyu, kuka. Tun da aka mayar da Malama Hajara Gashua aka kulle ɗakin, aka lulluɓe na'urorin da zannuwa, ba a yayewa sai ranar da baƙi za su zo duba makaranta. Na san wannan ɗabi'a, domin tamu ce. Haka muka adana sabuwar tafireta a tasha, muna tsoron ta lalace, har ta yi tsatsa ba ta buga wasiƙa ko ɗaya ba.

Labarin da Falmata ta ɗauko na abokin aikina ne, Malam Bukar, yana bayanin yadda ake lodin busasshen kifi zuwa Kudu. Saura kaɗan ta kammala aka rufe. Allah Ya yi masa rasuwa bayan nan, kuma babu inda muryarsa ta rage sai cikin wannan na'ura. Falmata kuwa bana za ta bar makaranta.

Roƙona shi ne a damƙa mabuɗin ga wani malami, a bar ɗalibai su ƙarasa aikinsu kafin jarrabawa. In ba a sami mai zama da su ba, ni ba ni da aikin yi. Zan zo in zauna a bakin ƙofa.

Iyalin Malam Bukar sun tambaye ni yaushe za su ji shi. Na ce musu zan tambaye ki.

Allah Ya taya ki riƙo, Ya saka miki da alheri bisa abin da kika fara.

Wassalam.

Kakan Falmata, Nguru.