Kwamfutar Quyen Ta Ƙi Tashi

Litinin, 26 ga Fabrairu

Bango yana gumi, daɓe yana gumi. Wankin da na shanya tun Juma'a har yau kamar yanzu na matse shi. Duk shekara haka Hanoi take yi mana bayan bikin sabuwar shekara, ni kuma duk shekara sai na yi mita kamar baƙuwa.

Saura mako biyu mijina Quyen ya cika shekara da rasuwa. Hoton da ke kan teburin kakanni, inda muke jera hotunan mamatanmu, na katin shaidarsa ne, aka ƙara masa girma a gaggauce ranar jana'iza. Ya haɗe rai kamar wanda aka taka wa ƙafa a cikin bas. Shekara guda ina kunna masa turare yana harara ta. Ba zan yarda dangi su zo su rusuna wa wannan fuskar ba.

Hoto ɗaya tak na sani da yake murmushi, a baranda, ranar da yake gwada sabuwar kyamara. Yana cikin kwamfutarsa. Yau na kwance ledar da na naɗe ta da ita, na danna. Fanka ta juya, abin ya yi ƙara sau uku, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

Talata, 27 ga Fabrairu

Na kira ɗana Lam a Japan. Yana wurin aiki. "Mama, ki kashe ki sake kunnawa." Na ce da ta kunnu ai da na kashe. Ya ce zai kira ni in ya tashi. Ɗa guda gare ni, shi ma sai an kama layi.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Bai kira ba. Ya turo bidiyon wani yaro mai koyar da gyaran kwamfuta, yana magana kamar ana korarsa.

Yaya Bich, yayar Quyen, ta zo da tsarin girkin ranar. Ta riga ta sayo kayan takarda da za a ƙona masa don su same shi a lahira: riguna, takalmi, da kwamfutar takarda sabuwa fil, har da linzaminta. Ta ce, "Bara kin manta da caja. Ya zo mini a mafarki fuska a murtuke." Na ce, "Yaya, haka fuskarsa take tun yana da rai." Ba ta yi dariya ba. Wai in ƙyale hoton, namiji a kan teburin kakanni ai kwarjini ake so ya yi.

Da ta tafi na kunna turare, na ce masa, "Kai da ka gyara na duk unguwa, ga taka nan." Gidan shiru. Firji ne kawai yake magana.

Asabar, 2 ga Maris

Na caja tsohuwar wayarsa. Akwai wani zaure na intanet da yake shiga kullum bayan cin abinci, inda mutane ke kawo kukan kwamfutocinsu yana ba su amsa. Kawu Quyen suke ce masa. Ban taɓa leƙawa ba.

Ashe abin da ya fi yawan rubutawa kan wannan laimar ne. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa. Kada a jingina ta da bango. A kunna ta kullum ko da na ɗan lokaci ne, ɗuminta shi ne maganinta. A ƙarshe ya rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A NAƊE TA DA LEDA.

Ni kuwa na naɗe, na ɗaure, na tura ta lungu a ƙasa, don kada ƙura ta taɓa masa kaya. Shi bai taɓa gaya mini ba. Dubban mutane ya gaya wa.

Lahadi, 3 ga Maris

Na rubuta a zauren da sunansa, don ban san yadda ake yin wani sunan ba. Na ce kwamfuta tana ƙara sau uku, me zan yi?

Kafin shayina ya huce amsa ta cika waya. "Kawu ya dawo." "Kawu, jarrabawa kake mana?" "Ina ka shiga, tsoho, ko Goggo ce ta ƙwace wayar?" Na daɗe riƙe da ita a hannu. Ashe babu wanda ya sanar da su. Ni ce ya kamata, ni kuma ban san da su ba.

Na rubuta: Ba shi ba ne, matarsa ce, Thoa. Ya rasu bara. Na kife wayar a kan tebur na tafi kasuwa, na dawo da ganyen da ba na bukata.

Litinin, 4 ga Maris

Sun yi ta'aziyya, sannan suka shiga aiki. Na buɗe gefen akwatin da sukurdirebansa, na zare wata 'yar siririyar sanda da suke kira ram, na goge haƙoranta da abin goge fensir, na hura wa cikin iska da na'urar busar da gashi daga nesa. Na mayar, na danna.

Allon ya kawo haske. Sai da na miƙe tsaye. Daga nan wani abu a ciki ya fara ƙas, ƙas, ƙas. Na gaya musu a zauren. Wata mai suna Tuyen ta rubuto: "Kashe yanzu-yanzu, Yaya. Faifan ajiya ne. Gobe ina tafe."

Talata, 5 ga Maris

Tuyen ta zo a babur, mace mai jiki, ta haura hamsin, tawadar firinta take sayarwa. Kafin ta ce mini komai sai da ta kunna wa Quyen turare. Ta kalli hoton ta ce, "Wannan kuma wane ne?"

Ta ciro faifan, ta jona da tata kwamfutar, ta kara kunne. Ta juya shi, ta sake jonawa. Ta ce, "Yaya Thoa, ba zan yi miki ƙarya ba. Laima ta ci shi. Ko an kai wa masu buɗe faifai, ban sa rai ba."

Na ce ba komai. Na zuba mata miyar taliya, ta shanye kwano biyu, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Rabon da wani ya kushe mini girki tun bara. Da ta tafi na wanke kwanon, kuka ya zo mini a bakin famfo.

Laraba, 6 ga Maris

Ban fita ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Tuyen ta turo hoto. Wai duk Asabar da safe 'yan zauren na nan kusa suna haɗuwa wurin mai shayi a bakin titi. Ni kuwa abin da yake gaya mini kasuwar kayan gyara yake zuwa.

A hoton, Quyen yana zaune a kan 'yar kujerar roba, kofi a hannu, kai a baya, baki a wangame har ana ganin giɓinsa. Ba murmushi ba ne. Dariya ce ta mutumin da ya manta ana kallonsa. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban tuna na ga wannan a gidan nan ba.

Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Ya kwashe dariyarsa ya kai wa mutanen titi, ni ya bar mini tari da "ina silifas ɗina".

Asabar, 9 ga Maris

Na kai an wanke hoton, an yanke sauran mutanen, an sa a firam. Wane zaɓi gare ni? Yaya Bich ta gani ta ce, "Wannan za ki ɗora kusa da iyayenmu? Da giɓi a waje?" Na ce, "Giɓin nasa ne, Yaya." Ta ci gaba da yanka kaza da ƙarfin da bai kamata ba.

Lahadi, 10 ga Maris

An yi. Dangi sun rusuna, an ci, an ƙona takardu a tsakar gida, har da caja. Lam ya rusuna ta waya.

Ana shirin kwashe kwanuka sai ga Tuyen da wasu tsofaffi uku, da ledar lemo. Suka kunna turare. Ɗayansu, Kawu Vuong, mai kunne ɗaya da ba ya ji, ya nuna hoton ya ce da ƙarfi, "Ai ni na ɗauka. Kin san me yake yi a nan? Ke yake kwaikwaya." Ya riƙe ƙugu, ya sirantar da murya: "Quyen, ka kashe akwatin nan ko in zuba masa miya."

Ɗaki ya ɗauka da dariya, har Yaya Bich ta rufe baki. Vuong ya ce, "Kowace Asabar da sabon labarinki yake zuwa. Mun san ranar da kika kori mai karanta mitar lantarki da tsintsiya. In ya fara ba ya iya ƙarasawa, dariya ke cin ƙarfinsa."

Na ce ni ba haka nake magana ba. Tuyen ta ce, "Haka kike, Yaya."

Na shiga kicin na daɗe ina neman abin da ban ajiye ba.

Asabar, 16 ga Maris

Rana ta ɗan leƙo. Daɓe ya bushe.

Na je wurin mai shayin, don kawai in kai musu tarkacen gyaransa, tunda ni ba amfanin da za su yi mini. Kujerun nan sun yi ƙasa da yawa, shayin ma ruwa ne zalla. Sun tambaye ni yadda ya samu giɓin, wai bai taɓa yarda ya faɗa ba. Na fara ba su labarin, lokacin girki ya yi, na taso.

Rabin kayan na kai. Sauran sun yi nauyi.