Da Ciki Muke Zaɓen Hanya

Zuwa ga aminina Lawali, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da tsohon aboki, da tambayar lafiyarka da ta iyali da yadda ake fama da aiki, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Mako uku ke nan yana zaune cikin wayata. Na karanta shi ya fi a ƙirga, ban ba ka amsa ba. Ba raini ba ne, kuma ba matsalar sabis ba ce kamar yadda na ce maka ran nan. Gajiya ce, da rashin sanin ta inda zan fara.

Na zaɓi in rubuto maka a fili, inda jama'a za su gani, don na san halinka. In na turo maka kai kaɗai, kafin in mayar da wayar aljihu ka kira ni, ka yi ta dariya kana kawo hujja har in ce to. Tun muna poli a nan Ƙaura ban taɓa cin ka da gardama ba. Yau ina son shaidu.

Ka ce kamfanin da kake wa aiki yana shirya wa mutane tafiye-tafiye, irin mutanen nan da ke barin garinsu takanas don su je wani gari su ci abincin can, su sha abin shan can. Ka ce an zaga kudu an gama, yanzu ana neman wurare a arewa, kai kuma ka buga ƙirji a ofis ka ce babu kamar yankinku. Za ka fara zuwa da kanka bayan Babbar Sallah ka duba, daga baya ka kawo baƙi. Ka turo mini takarda mai gurbi biyar in cike maka: sunan gari, abincin da aka san shi da shi, abin sha na gida, lokacin da ya fi dacewa a je, sai yanayin hanya.

A gurbin abin sha ka yi mini dogon bayani, wai a asali giya ake nufi, irin wadda ƙananan masu sana'a ke haɗawa da hannu, kowane gari da ɗanɗanon tasa, amma ni in sa fura ko kunu a madadinta. Nan kam na yi dariya ni kaɗai a rumfata ta kasuwar hatsi, har maƙwabcina ya leƙo. Kai ne yau da maganar giya, Lawali?

Ka manta Zurmi? Ranar da rana ta gasa mu a kan mashin, muka sayi kunun zaƙin da ya kwana a jarka, ka ɗaɗɗaki kofi uku ciki babu komai. Ka miƙe jiri ya kwashe ka, ka dafe bango ka rantse ka bugu. Ka ƙi shiga sahun Azahar sai da ka tare limamin unguwar ka yi masa bayani tiryan-tiryan, kana neman fatawa. Dattijon ya shinshina kofin, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce ka je ka ci abinci ka dawo ka yi salla. Iyakar saninka da giya ke nan a ƙasar Zamfara, kuma ni ne shaidarka.

Gurbi huɗu na farko ba su da wuya. Da ido rufe zan cike su.

Kai ka kafa mana dokar. Ranar Laraba da yamma mu zauna kan benci kusa da tashar jirgin ƙasa, ka shafa tumbin da ba ka da shi, ka ce, "Ciki shi ka zaɓen hanya, Bello, mashin bin shi kawai shi ka yi." In ya ce nama, Shinkafi. In ya ce hoce, Zurmi. Ba mu taɓa tambayar kowa ba. Mu zuba mai a tsohon mashin ɗin yayana, kai a baya da dogayen ƙafafunka suna jan ƙasa, mu kama hanya.

Zurmi, gidan Gwaggo Ige, bayan masallacin Juma'a. Hoce mai zafi, gurasar nan tamu ta garin dawa, ta gutsuttsura shi a akushi, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da yajin da ke sa mutum hawaye yana godiya. Kullum sai ka yi mata ƙorafin mai bai ji ba, kullum sai ta ce maka bakinka ne ya yi tsawo kamar jikinka.

Shinkafi ranar Alhamis, kasuwa ta cika ta batse. Mu wuce kara inda ake cinikin raƙuma, mu ci balangu a tsaye, ka sayi cuku da dabino wurin mutanen Nijar ka cusa a aljihu. Amma duk wannan share fage ne. Abin da ya kai mu shi ne gindin tsamiyar nan ta gabas da kasuwa, inda Inna Hajo ke ajiye ƙoren furarta.

Daga rugarsu ta wajen hanyar Galadi take tahowa da nonon shanun gidansu. Kindirmo mai kauri, man shanu yana yawo a sama, fura ta gero zalla da ta ji citta da kanumfari. Ba ta gaggawa wajen damu. Ko layi ya kai ina, sai ta murje kowane gudaji da bayan ludayi. Ka tuna ranar da ka tashi da sauri gwiwarka ta ture babbar ƙwaryarta ta tsage? Ka rikice kana ba ta haƙuri, ita kuma ta bi ka da ludayi. Alhamis ta gaba muka tarar ta ɗinke ta, ɗinki ya bi gefe kamar sawun tururuwa. Daga ranar ba ta ƙara kiran ka Lawali ba, sai Mai-ɓarna. Kuma ba ka taɓa shanye taka ba. Idonka ya fi cikinka girma, ni nake ƙarasa maka.

To, gurbi na biyar ne ya tsayar da ni mako uku.

Lawali, yanzu ba ciki ke zaɓen hanya ba. Kai da ka bar nan shekara tara, kana jin labari a rediyo, kana kira ka ce Allah ya kyauta. Mu da ke ciki mun koyi wata sabuwar tambaya. Kafin mutum ya sa ƙafa a mota sai ya je tasha ya ce, "An wuce?" Ma'ana, akwai motar da ta bi hanyar yau ta isa lafiya? In an ce an wuce, sai ka shiga kana salati. In direbobi suka yi shiru suna duban waya, sai ka koma gida. Ba a tafiya da sassafe, ba a tafiya in la'asar ta yi sanyi. Wani lokaci a wuce da hantsi, a tare hanya da azahar. Mace ta tambaya, yaro ya tambaya, har mai kai gawa ya tambaya. Na gaji da jin kalmar nan a bakina.

Kada ka ce ban gwada ba. Alhamis biyu a jere na je tasha da niyyar in leƙa Shinkafi in gano maka ko tsamiyar na nan. Ta farko aka ce ba a wuce ba. Ta biyu aka ce an wuce, na shiga mota har na zauna, sai uwar 'ya'yana ta kira ni. Ba ta ce kar in je ba. Ta dai tambaye ni inda na ajiye takardun gida. Na sauka.

A hanyar komawa rumfa na bi ta bayan makarantar firamaren da aka sauke 'yan gudun hijira. Na daɗe ina kauce wa layin nan, don kunya nake ji in wuce hannu sake. Ranar dai ƙafa ta kai ni. Abin da na gani shi ne amsar takardarka.

Duk garuruwan da muke ƙona mai mu je mu ci abincinsu sun taso sun zo Ƙaura. Suna jere a layi ɗaya, jikin katanga ɗaya. Ga mai hoce daga wani ƙauyen Zurmi, da na tambaye ta labarin Gwaggo Ige, sai ta ce mini ta rasu bara, a gidan wani ɗan'uwa, ba a ɗakinta ba. Ga wani mahauci da na san fuskarsa daga Shinkafi, yana gasa kayan ciki a kan rabin duro. Tafiyar da muke yi ta yini guda, yanzu taku arba'in ce. In baƙinka na son sauƙi, ga sauƙi ya samu.

A ƙarshen layin, inda inuwa ta ƙare, na ga ƙwarya mai ɗinki a gefe.

Ƙwaryar na fara ganewa kafin mai ita. Ta tsufa, Lawali. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ita ce ta riga ni magana, ta ce, "Ina Mai-ɓarna?" Na durƙusa na gaishe ta, na kasa haɗa ido da ita.

Babu saniya ko ɗaya. An kore su duka rana tsaka, an tafi da ɗanta na biyu, har yau babu labari. Waɗanda suka yi mata haka da harshenta suka yi mata magana. Waɗanda ta gudo wurinsu kuma, wasunsu na kallonta kamar ita ta aiko maharan, shi ya sa aka bar mata ƙarshen layi. Na tambaye ta yadda aka yi ƙwaryar ta tsira. Na ɗauka za ta ce wani abu mai daɗin ji. Ta ce ita ce a kanta ranar da suka gudu, shi ke nan.

Ta dama mini. Hannun na nan yadda ka san shi, ba ta bar gudaji ko ɗaya ba. Amma nonon na madarar gari ne, irin ta buhu da ake aunawa a kasuwa, a jiƙa a bari ta kwana ta yi tsami. Na kai ludayi baki na haɗiye, na ce ya yi daɗi. Ta dube ni irin kallon da take maka in ka yi ƙarya.

Ni kuma da wautata sai na ciro waya na nuna mata takardarka. Na ce kana son sa sunanta, baƙi za su zo daga nesa su sha furarta, har hotonta za a ɗauka. Na ɗauka zan faranta mata rai. Ta rufe ƙwaryar da faifai. Sannan ta ce, "Wagga ba hurata ba ta. Kak ka rubuta sunana bisa madarar buhu." Da na tashi tafiya ta ƙara da cewa, "Ka ce ma Mai-ɓarna kar shi taho. Shi riƙe waccan da yas sha."

Ga saƙonta na isar. Saura nawa, kuma shi ne ya fi mini nauyi.

Shekara tara ina maka tsiya. Kowace Sallah sai na ce Legas ta cinye ka, ka manta gida, sai an yi rasuwa za mu gan ka. Da aka yi rasuwar ma, ta babana, ba ka samu zuwa ba, na yi wata biyu ba na ɗaga wayarka. Babu wanda nake son gani ya sauka a tashar nan da jakarsa kamar kai. Ina kewarka, ba na jin kunyar faɗa a gaban mutane. Yanzu ga shi ka ce za ka zo da kanka, har ka sa lokaci, ni ne kuma zan ce maka a'a.

Kada ka zo, Lawali. Ba kai ba, ba baƙinka ba. Ba Shinkafi ba, ba Zurmi ba, ko Ƙaurar ma kada ka zo bana, don hanyar da za ta kawo ka daga Gusau ita ma sai an tambaya ko an wuce. Na san kana karantawa kana shirya hujja, za ka ce ai mu muna bi kullum. Muna bi ne don ba mu da wata. Kai kana da zaɓi. Ba zan iya tsayawa a tasha ina duban waya, direbobi sun yi shiru, alhali ni na cike takardar da ta ɗora ka kan hanya ba. Na ɗauki abubuwa da yawa a shekarun nan, wannan kam ba zan iya ba.

Ka gaya wa mutanen ofishinku ba ka yi ƙarya ba. Akwai hoce, akwai nama, akwai furar da babu irinta. Ka ce su bar mana sunanmu a jerin wuraren da za su je, kada su goge, su dai rubuta cewa ba yanzu ba. Takardar kuma na mayar maka yadda ka turo ta, ban cike ko gurbi ɗaya ba.

Allah ya ji ƙan Gwaggo Ige, ya sa ta huta. Allah ya bayyana ɗan Inna Hajo, ya mayar da ita gindin tsamiyarta da nonon shanunta kafin ƙarfinta ya ƙare. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya shiryi masu shiryuwa, ya yi mana maganin sauran. Ya tsare ka inda kake, ya raya maka zuri'a. Ya nuna mana Larabar da za mu zauna kan bencin nan, ka shafa tumbin da na ji an ce yanzu ka yi, mu tashi mu kama hanya ba tare da mun tambayi kowa komai ba. Amin.

Jiya ma na koma wurin Inna Hajo. Ta dama mini, ta zuba fiye da yadda na ce, ta tura mini ƙwaryar ta ce rabin na Mai-ɓarna ne. Na shanye duka.

Naka har kullum,
mai ƙarasa maka fura,
Bello, Ƙaura Namoda.