Robar Fitsari a Ƙarƙashin Bargo

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwar ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, autarki ce daga Tudun Wada.

Surukinki na kwance. Tun da mota ta buge shi a Kwangila ƙafafunsa suka daina motsi, fitsari ma sai da roba. Kin sha yi mini tsiya kan littattafan soyayyata, to yi dariya: a cikinsu mai jinyar miji farfesu take ba shi a baki, ɗaki na tashin turaren wuta. Ko ɗaya bai taɓa ambaton robar fitsari ba.

Nas ɗin asibitin da ya sa masa ta farko sai da ya wanke hannu tas, ya yaye zane, ya wanke wurin da sabulu, ya goge da magani. Auduga shafa ɗaya, sai kwandon shara. Ya sauya safar hannu kafin ya taɓa sabuwar robar. Da yayyensa suka ji labari suka hau salati, wai an tsiraita musu ɗan'uwa.

Da lokacin canji ya yi, sai suka ɗauko mai kemis ɗin layinmu, wanda farar riga kaɗai ta mai da shi likita. Gwanintarsa, wai ba ya yaye bargo. Ya kau da kai, ya zura hannu yana lalube, hannun da ya gama gaisawa da mutanen zaure. Ba ruwa, ba auduga. Turare dai ya sha kamar ango. Suka yi ta sa masa albarka, wai ga ɗan mutunci mai kunya!

Kunyar nan, Inna, zazzaɓi ta haifa. Fitsarin cikin jaka ya koma kamar kunu, surukinki na sambatu, ya dube ni bai gane ni ba. Masu kunyar suka leƙo daga bakin ƙofa hannu a hanci, suka ce sammu ne. Da ƙyar allurar asibiti ta dawo mini da shi.

Jiya sai ga mai kemis da jakarsa zai sake canza robar, ko nauyin ido babu. Ni da kika sani ba na iya haɗa ido da babba, na tokare ƙofa na ƙi matsawa. Babban yayansu ya ce ba ki ba ni tarbiyya ba.

Wannan kaɗai ta sa ni kuka, Innata. Ke fa kike cewa wanda ya ɓoye ciwo, ciwo zai ɓoye shi.

Yau da safe na nemi maƙwabta suka kama mini shi zuwa asibiti. A hanya ya riƙe gefen mayafina, bai saki ba har muka isa.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya tashi kafaɗarsa, Ya bar mini shi.

'Yarki mai kewarki,
Auta